Rainon Marayun Kwamfutoci

Mas'alar da muka ɗauko yau, ko da yake da farin ji za ta yi wa wasunku kama da zancen injiniyoyi kaɗai, in kuka yi haƙuri kuka biyo mu sannu a hankali za ku tarar magana ce ta amanar dukiyar jama'a, domin kuwa injunan da za mu ambata galibi da kuɗin baitulmali ake sayensu, amfaninsu kuma, in Allah ya sa sun yi amfani, a kan kowa yake komawa.

A manyan jami'o'i da cibiyoyin bincike na duniya akwai waɗansu ɗakuna masu tsananin sanyi da ƙarar fanka, waɗanda ba kowa ake bari ya shiga ba, inda aka jera kabad-kabad na ƙarfe, kowane kabad cike da kwamfutoci marasa allo, an ɗaure su da juna da igiyoyin sadarwa masu matuƙar sauri, har suka zama suna aiki tamkar inji guda. Shi ne abin da za mu riƙa kira gungun kwamfutoci. Idan masu hasashen yanayi suna son sanin yadda damina za ta kasance, sai su yanka sararin sama gida-gida a cikin lissafi, kowace kwamfuta ta ɗauki nata yanki tana auna iska da zafi da laima, tana kuma aika wa maƙwabtanta labarin abin da ya faru a bakin iyakarta bayan kowane taki, ta yadda aikin da zai ci wa kwamfuta ɗaya shekara sai a gama shi kafin gari ya waye. Da irin wannan hanya ake binciken magunguna, da ƙwayoyin halitta, da neman man fetur a ƙarƙashin ƙasa.

Asalin wannan tsari a yadda muka san shi yau ya faro ne a 1994, lokacin da Thomas Sterling da Donald Becker, a wata cibiya ta hukumar NASA ta Amurka, suka haɗa kwamfutoci 16 irin waɗanda ake saya a kasuwa, suka ɗora musu babbar manhajar Linux, suka sa wa abin suna Beowulf. Ku riƙe wannan a zuciya, domin hikimar da ke cikinsa, wato gina babban abu da kayan da kowa ke iya samu, ita ce za ta yi ta dawo mana a cikin zancen nan.

To, shi gungu irin wannan ba a saye shi a ɗauka a tafi kamar yadda ake sayen rediyo. Kamfanin da ya haɗa shi yakan ɗauki alkawarin kula da shi na shekara uku ko biyar: ya aiko da safaya idan wani abu ya ƙone, ya aiko da gyaran manhaja idan an gano ɓaraka, ya amsa waya idan inji ya tsaya tsakar dare. Amma kamfanoni ba su dawwama. Thinking Machines, wanda ya yi suna ƙwarai a zamaninsa, ya karye a 1994. Silicon Graphics ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2006, ya sake nema a 2009, wani kamfani ya saye shi ya ci gaba da amfani da sunan, daga bisani Hewlett Packard Enterprise ya haɗiye shi a 2016, kamar yadda ya haɗiye kamfanin Cray a 2019. Wani lokaci kuma kamfanin yana nan da ransa da lafiyarsa, sai dai ya juya wa wannan sana'a baya ya fuskanci wadda ta fi riba. Ko ta wace hanya abin ya zo, sakamakonsa ɗaya ne, inji ya wayi gari maraya, kuma hukumar da ta saye shi ta zama waliyyinsa ko ta shirya ko ba ta shirya ba.

Ya kamata mu tsaya mu tantance abin da ke ɓacewa a wannan rana, saboda a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Ƙarfen yana nan yadda yake jiya, wuta na shiga, fanka na juyawa, lissafi na fita daidai, har shugaban wurin ya ɗauka babu abin da ya sauya. Abin da ya tafi ba a ganinsa da ido. Ma'ajin safaya ya rufe. Facin tsaro da ake liƙa wa manhaja ya daina zuwa. Lasisin manhajar da ke tafiyar da gungun, wanda sau da yawa shekara-shekara ake sabunta shi, yana nan yana ƙirga kwanakinsa, ranar da ya cika kuwa babu wanda za a biya. Mafi girman hasara kuma ita ce ilmin yadda aka haɗa abin, wanda yake a ƙirjin injiniyoyin kamfanin, su kuwa sun watse neman abinci a wasu wurare.

Bari in ba ku labari biyu na gaskiya, ku auna da kanku. An yi wani ƙaramin kamfani a jihar Massachusetts ta Amurka mai suna SiCortex, wanda ya ƙera injuna masu ban sha'awa saboda ƙarancin wutar da suke ci, mafi girmansu na ɗauke da ƙwayoyin lissafi 5,832 a cikin kabad guda, har babbar cibiyar bincike ta Argonne ta mallaki ɗaya. Sai dai kusan duk abin da ke cikin injin nasu ne na kansu: su suka tsara ƙwaƙwalwar, su suka tsara hanyar da ƙwaƙwalen ke magana da juna. Da masu zuba jari suka janye hannu a watan Mayu na 2009, kamfanin ya rufe, waɗanda suka sayi injunan suka tarar babu wata kasuwa a duniya da za a shiga a sayo allon da ya mutu, babu kuma wani maƙeri da zai sake ƙera irinsa. Injin kirki ne, masu hazaƙa suka yi shi, amma an ɗaure rayuwarsa da rayuwar kamfani guda.

Labari na biyu ya fi tsawo, kuma shi na fi so ku saurara da kyau. A watan Fabrairu na 2008 aka fara aiki da wani gungu mai suna Ranger a cibiyar lissafi ta Jami'ar Teksas da ke birnin Austin. Kamfanin Sun Microsystems ne ya haɗa shi, da kwamfutoci 3,936 masu ƙwayoyin lissafi 62,976, kuma a tsakiyar wannan shekara shi ne na huɗu a sauri a duk duniya. Manhajar da ke raba wa masu bincike layi, wato Grid Engine, ta Sun ce. Manhajar da ke riƙe da ma'ajiyar bayanai, wato Lustre, ita ma a hannun Sun take tun 2007. Ba a cika shekara biyu ba, a watan Janairu na 2010, sai kamfanin Oracle ya kammala sayen Sun, shi kuwa Oracle hankalinsa yana kan rumbunan bayanan 'yan kasuwa, kafin shekarar ta ƙare ya daina ci gaba da gina Lustre, ya kuma daina sakin asalin rubutun Grid Engine ga jama'a. Wanda ya dubi al'amarin a lokacin zai iya cewa an gama da duk cibiyoyin da suka dogara da waɗannan manhajoji biyu, alhali kuwa suna da yawa, har da mafi girma a duniya.

Abin da ya cece su shi ne, tun kafin wannan rana, asalin rubutun manhajojin nan a buɗe yake, kowa na da halaccin karanta shi, ya gyara, ya rarraba. Saboda haka injiniyoyin Lustre suka fita suka kafa kamfaninsu mai suna Whamcloud a 2010, manyan cibiyoyin bincike da wasu kamfanoni suka kafa ƙungiyar OpenSFS suna tara kuɗin ɗaukar nauyin aikin, Intel ya sayi Whamcloud a 2012, aikin ya koma hannun DDN a 2018, kuma duk wannan sauyin hannu bai hana Lustre rayuwa ba har yau. Grid Engine ma haka: kamfanin Univa ya ɗauki injiniyoyinta a 2011, a Jami'ar Liverpool ta Ingila kuma aka ci gaba da rainon wani reshe nata na kyauta shekara da shekaru. Ranger ya ci gaba da aiki har watan Fabrairu na 2013.

Da aka sauke shi daga aiki, ba a kai shi duka bola ba. An ɗauki wani sashe na kabad-kabad ɗinsa aka aika wa cibiyar manyan kwamfutoci ta Afirka ta Kudu da ke Cape Town, ita kuma ta rarraba shi ƙananan gungu-gungu ga jami'o'in ƙasar, da Botswana, da Tanzaniya. Abin da ya sa hakan ya yiwu, ƙwaƙwalen da ke cikinsa na AMD ne irin na kasuwa, igiyoyinsa na InfiniBand ne wanda ƙa'idarsa sananniya ce, Linux kuma ba ta tambayar wanda ya ƙera akwatin kafin ta hau. Abin da ya fi burge ni a cikin shirin na Afirka ta Kudu shi ne ba su yarda su aika da ƙarfe kawai ba, sai da suka haɗa da horar da waɗanda za su riƙe shi. Ba mamaki ɗaliban ƙasar suka ci gasar haɗa gungun kwamfutoci ta duniya da ake yi a Jamus a 2013, suka sake ci a 2014, da 2016, da 2019.

Yanzu, jama'a, bari in juya ga wanda wannan nauyi ya faɗo a kansa, ko malamin jami'a ne ko ma'aikacin cibiya, wanda ya ji labarin kamfaninsa ya rufe ko ya sanar da daina kula da injin. Malam, kada ka fara da taɓa komai. Wajibinka na farko shi ne bayanan mutane: kundin digirin ɗalibi, da sakamakon binciken shekara goma na wani malami, duk suna kan faya-fayan da suka tsufa, kuma ƙarfe ana iya sayen wani, amma waɗannan in sun tafi sun tafi. A kwafe su zuwa wata ma'ajiya dabam, a kuma gwada dawo da su daga kwafin don a tabbatar yana karantuwa, domin kwafin da ba a jarraba ba zato ne kawai. Sa'an nan ka gaggauta, tun shafin kamfanin na intanet bai rufe ba, ka sauko da duk littattafan bayani, da manhajar da aka dasa a cikin allunan injin, da takardun lasisi, ka karɓi kalmomin sirri na kowace na'ura daga hannun injiniyansu tun ana ga maciji, ka rubuta wace igiya ta fito daga ina ta shiga ina. Wannan rubutu aiki ne mai gundura wanda ba a yaba wa kowa a kansa, amma duk abin da zai biyo baya a kansa yake tsaye, kuma kada a bar shi a kan mutum guda, domin mutum yakan yi ciwo, yakan sami canjin wurin aiki, yakan kuma amsa kiran Ubangijinsa.

Game da safaya, abin da ya fi saurin mutuwa sanannen abu ne: fanka, da akwatin wuta, da faifai, da ƙananan batura na kan allo. Ƙwaƙwalwar kanta takan daɗe. Dabarar da masu riƙon irin waɗannan injuna suka saba ita ce a kashe wasu daga cikin kwamfutocin da gangan a ajiye su, duk wadda ta lalace a cikin masu aiki a ciro mata daga jikinsu. Gungu ya ragu kaɗan, amma ya daɗe. Akwai kuma kasuwar kayan da aka sauke daga wasu cibiyoyi, akwai kamfanoni masu zaman kansu da sana'arsu ke nan, kula da injin da maƙerinsa ya saki.

Inda aikin yake da nauyi, inda kuma ake bukatar natsuwa, shi ne sauya manhaja. Manufa ita ce a zare duk abin da ke bukatar izinin kamfanin da ya tafi, a maye gurbinsa da abin da al'umma ke riƙe da shi. Don rabon layi, yawancin cibiyoyi sun koma ga Slurm, wadda aka faro a cibiyar Lawrence Livermore ta Amurka. Don ɗora wa ɗaruruwan kwamfutoci manhaja iri ɗaya a lokaci guda akwai Warewulf da xCAT, ta yadda kowace kwamfuta in ta tashi sai ta karɓo manhajarta daga uwar gungun ta cikin igiya, ko faifanta ya mutu ba kome. Tun 2015 kuma akwai OpenHPC a ƙarƙashin gidauniyar Linux, wadda ta tattara waɗannan kaya wuri guda tare da bayanin yadda ake haɗa su daki-daki. Amma ina yi maka nasiha, kada ka sauya gungun duka a rana ɗaya. Ware kwamfuta huɗu ko biyar, ka gina sabon tsarin a kansu, ka ga ko sabuwar Linux ta gane tsofaffin katunan sadarwarka, saboda a nan ne aka fi yin tuntuɓe, masu ƙera katunan sukan cire tsofaffi daga cikin sabuwar manhajarsu. Bayan haka ka roƙi masu bincike su kawo lissafin da suka riga suka san amsarsa, a sake gudanar da shi, a yi muƙabala tsakanin tsohon sakamako da sabo. Gungun da ke gudu da sauri yana fitar da amsa karkatacciya ya fi wanda ya tsaya illa, domin wanda ya tsaya kowa ya san ya tsaya. Tsofaffin manhajojin bincike da suka ƙi zama a sabon gida kuwa ana iya naɗe su tare da duk abin da suka saba da shi a cikin manhajar Apptainer, su ci gaba da aiki.

Akwai wata ƙofa da ake mantawa da ita. A jikin kowace kwamfutar gungu akwai wata 'yar na'ura da ke ba da damar kunna ta ko kashe ta daga nesa, kuma manhajar wannan na'ura daga kamfanin kaɗai gyaranta ke fitowa. Tunda gyaran ya yanke, duk ɓarakar da aka gano a cikinta ta zauna ke nan. Maganin shi ne a raba igiyarta da intanet gaba ɗaya, kada ta ga waje kada waje ya gan ta, saboda ɓarayin zamani suna farautar irin waɗannan injuna su sace ƙarfinsu su haƙa kuɗin kirifto, mai gida yana biyan kuɗin wuta.

Kada kuma wani ya fahimce ni da cewa manhajar kyauta ba ta maraici. A watan Disamba na 2020 kamfanin Red Hat ya sanar da cewa CentOS 8, wani nau'i na Linux, wadda cibiyoyi masu yawa suka dogara da ita bisa tsammanin za a kula da ita har 2029, za a daina kula da ita a ƙarshen 2021. Hankalin mutane ya tashi ƙwarai. Amma Gregory Kurtzer, wanda yana cikin waɗanda suka kafa CentOS tun farko, kuma shi ne ya ƙirƙiro Warewulf, ya tara jama'a suka fitar da Rocky Linux a madadinta, wasu kuma suka fitar da AlmaLinux, duka biyun a cikin 2021. Riƙon irin wannan manhaja ya yi kusa da abin da malamai ke kira farali na kifaya, wanda in wasu sun tsaya da shi an sauke wa saura, in kuwa kowa ya zura ido yana jiran wani, laifin ya hau kan kowa. Saboda haka ina ganin ya dace cibiyar da ke amfana ta riƙa mayar da wani abu, ko da rahoton kuskuren da ta gano ne.

Sai magana mai ɗaci, wadda mai son injinsa ba ya son ji. Akwai ranar da ci gaba da rainon tsohon gungu yake zama almubazzaranci, kuma mai yanke wannan hukunci ita ce wutar lantarki. Roadrunner na cibiyar Los Alamos, wanda a 2008 ya zama inji na farko da ya kai lissafi tiriliyan 1,000 a sakan guda, an kashe shi a watan Maris na 2013 alhali yana cikin mafi sauri a duniya, saboda yana cin fiye da megawat 2, sababbin injuna kuwa suna yin aikinsa da wuta kaɗan daga cikin wannan. Cheyenne, wanda SGI, wato Silicon Graphics, ya haɗa wa masu binciken yanayi a jihar Wyoming, ya yi aiki daga 2017 zuwa ƙarshen 2023, aka yi gwanjonsa a watan Mayu na 2024 a kan dala 480,085, takardar gwanjon ma ta faɗi gaskiya cewa bututun ruwan sanyayawarsa yana yoyo. Ku yi lissafin da kanku: ƙaramin gungu mai cin kilowat 30, in ya kwana ya yini a kunne, a shekara zai sha yunit 262,800, ban da abin da na'urorin sanyaya ɗaki za su sha. A ƙasashenmu, inda wutar gwamnati ke zuwa tana tafiya, inda janareta da man dizal ke cike giɓin, inda zafin bazara da ƙurar hunturu ke yaƙi da kowace fanka, wannan lissafi ya fi tsanani nesa ba kusa ba. Don haka idan an yi wa jami'a tayin kyautar tsohon gungu, ladabi shi ne a yi godiya, hankali kuma shi ne a zauna a ƙirga kuɗin wutarsa na shekara uku kafin a ce a loda shi a jirgi. In don koyar da ɗalibai ne, kabad ɗaya ko biyu sun wadatar, kuma fa'idarsu babba ce, domin a kan tsohon inji ne ake barin ɗalibi ya kwance ya ɗaura ba tare da fargaba ba. In kuwa don bincike mai nauyi ne, sau da yawa sababbin kwamfutoci kaɗan za su yi aikin tsofaffi masu yawa. A saye su, a sa su a nasu layin dabam, kada a gama su da tsofaffi a aiki guda, saboda a irin wannan lissafi mai sauri dole ya jira marar sauri a kowane taki.

Ga shugabannin da ke sa hannu a takardar saye kuwa, lokacin shirya wa ranar maraicin inji shi ne ranar ciniki, sa'ad da kamfani ke neman kuɗinku yana kuma sauraron sharuɗɗanku. A rubuta a cikin yarjejeniya cewa kayan da za a kawo irin waɗanda ake samu a wurin maƙera fiye da ɗaya ne. A rubuta cewa kalmomin sirri da littattafan bayani da zanen haɗin igiyoyi za a damƙa su ga ma'aikatanku ranar karɓar injin, kuma ma'aikatan nan su tsaya a yi haɗin a gabansu da hannunsu a ciki. Idan akwai manhajar da kamfanin ya ƙi buɗe asalin rubutunta, a sharɗanta a ajiye kwafinsa a hannun wani amintacce na uku, wanda zai miƙa muku shi in kamfanin ya karye ko ya daina kula da ita. Wannan al'ada ce sananniya a cinikin manhaja, babu kunya a nemanta. A kuma ware kuɗin wuta da na safaya da na albashin masu kula da injin a cikin kasafi ɗaya da kuɗin sayensa, na tsawon shekarun da ake sa ran zai yi.